Gwaggon Biri, Babban Birin Kurmi

Hausawa su kan ce biri ya yi kama da mutum. Kowane yaron da ya taɓa tsaron gona, ya ga jan biri ya karya masara yana ɓarewa da hannu, ya san mafarin wannan magana. Amma can cikin kurmin Afirka akwai wani biri wanda ya fi dukan birai girma, kamarsa da mutum kuwa ta fi ta jan biri nesa ba kusa ba. Sunansa gwaggon biri, Turawa kuma suna ce da shi gorila. Kada a ɗauka shi ne bika, wanda ke zaune cikin duwatsu yana yi wa manoma ɓarna. Bika yana da wutsiya da dogon baki kamar na kare. Gwaggon biri ba shi da wutsiya ko kaɗan, wajen nauyi kuwa ya yi bika biyar ko fi.

Shekaru da yawa mutane suna tsoron wannan dabba, suna ba da labarinsa kamar na wani dodo. Da masana suka shiga kurmi suka zauna kusa da shi, sai suka tarar ganye ne abincinsa, zaman iyali ya ke yi, kuma duk ƙarfin nan nasa ba ya fito da shi sai an taɓa masa mata ko 'ya'ya.

Inda Ya Ke Zaune

Duk duniya babu inda a ke samun gwaggon biri a daji sai tsakiyar Afirka, inda ruwan sama ya ke da yawa, itatuwa kuma suka yi duhu har rana ba ta cika sauka ƙasa ba. Ba ya zama a fili irin na ƙasar Hausa, domin abincinsa ɗanyen ganye ne, rani kuwa ya kan ƙone ganye.

Masana sun kasa shi kashi biyu, na yamma da na gabas. Tsakanin su akwai babban Kogin Kwango da kurminsa, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Kowane kashi kuma ya rabu biyu, watau iri huɗu ke nan.

Na farko shi ne na kurmin yamma, wanda ke zaune a Kamaru, da Gabon, da Kwango ta Barazabil, da Afirka ta Tsakiya, da ƙasashen da ke maƙwabtaka da su. Shi ya fi yawa, shi ne kuma wanda a ke gani a gidajen ajiye namun daji na duniya. Na biyu shi ne na Kuros Riba, wanda ke cikin tuddan da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Duk ya fi sauran ƙaranci, gama waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 300 ba. Na uku shi ne na kurmin gabas, a gabashin Kwango ta Kinshasa, shi ya fi sauran girman jiki. Na huɗu shi ne na kan dutse. Wannan yana wuri biyu kaɗai: duwatsun Virunga, inda Ruwanda da Yuganda da Kwango ta Kinshasa suka yi iyaka, da kurmin Bwindi na Yuganda. Duwatsun Virunga tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta, gwaggon birai kuwa su kan hau su har tsawon mita 3,000 ko fiye. Can sama akwai hazo da sanyi ƙwarai, saboda haka gashin na kan dutse ya fi na 'yan'uwansa tsawo da kauri.

Kamanninsa

Riƙaƙƙen namiji ya kan kai kilo 140 zuwa 200, watau nauyin ƙarti biyu ko uku. Mace kuwa rabin haka ta ke. In namiji ya miƙe tsaye bai cika ɗara dogon mutum ba, amma faɗin ƙirjinsa ya yi na mutum biyu. Hannuwansa sun fi ƙafafunsa tsawo, in ya ware su daga yatsa zuwa yatsa sun zarce mita biyu.

Gashinsa baƙi ne ko baƙi-baƙi, amma babu gashi a fuskarsa da tafin hannunsa da tafin ƙafarsa. Yatsunsa biyar biyar ne, da farce irin na mutum, haƙoransa kuma 32 kamar na baligin mutum. Namiji yana da fiƙoƙi dogaye waɗanda ya ke yin faɗa da su, turamensa kuwa manya ne, domin niƙa kara da ɓawon itace. A saman hancin kowannensu akwai 'yan layuka da ba su yi daidai da na wani ba, kamar yadda zanen yatsan mutum ba ya daidai da na ɗan'uwansa. Da wannan zane masu lura da su su ke gane wane da wane.

Ko da ya ke yana iya tsayawa da ƙafa biyu, har ya ɗan taka, ba haka ya saba tafiya ba. Da ƙafa huɗu ya ke tafiya, ya tanƙwashe yatsun hannu ya dogara a kan gaɓoɓinsu. Fatar wurin ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi.

In namiji ya kai shekara goma sha biyu ko kusa da haka, sai gashin bayansa ya soma fari, daga kafaɗa har ƙugu, kamar an shimfiɗa masa farin mayafi. Wannan furfura alamar balaga ce, ba ta tsufa ba. Turawa suna kiran irin wannan namiji mai bayan azurfa. Shi ne maigida a cikin garke.

Yadda Aka San Shi

Mutanen kurmi sun san gwaggon biri tun kaka da kakanni, amma masanan ƙasashen Turawa ba su tabbatar da shi ba sai a shekarar 1847. A wannan shekara wani likita Ba'amurke mai suna Thomas Savage ya sami ƙoƙon kansa da ƙasusuwansa a Gabon, shi da wani masani Jeffries Wyman suka bayyana wa duniya cewa wannan wani biri ne dabam. Na kan dutse kuwa sai a 1902 wani hafsan soja Bajamushe mai suna Robert von Beringe ya harbe biyu a duwatsun Virunga, sa'an nan labarinsu ya kai Turai.

Yawancin waɗanda suka fara ba da labarinsa maharba ne. Maharbi kuwa ba ya ganin gwaggon biri sai a fusace, domin shi ya je ya tsokano shi da bindiga. Don haka littattafansu suka cika da labarin dodo mai ruri da dukan ƙirji. A 1933 aka yi wani wasan majigi a Amurka mai suna King Kong, inda aka nuna wani ƙaton biri yana rushe birni. Wannan ya ƙara ɓata masa suna.

Amma gani ya kori ji. A 1959 wani masani mai suna George Schaller ya hau duwatsun Virunga ba tare da bindiga ba, ya yi fiye da shekara guda yana bin garkunan a hankali, yana rubuta abin da ya gani. Bayansa wata Ba'amurkiya mai suna Dian Fossey ta kafa sansani a Ruwanda a 1967, ta sa masa suna Karisoke. Ta kan durƙusa kusa da su, ta riƙa tauna kara tana kwaikwayon gurnaninsu, har suka saba da ita, suna cin abincinsu tana zaune a tsakiyarsu. Daga aikin waɗannan mutane, da na Afirkawa masu bin sawu da suka yi aiki tare da su, aka san yawancin abin da a ke faɗa yau game da zaman gwaggon biri.

Abincinsa

Wanda ya ga girman gwaggon biri da fiƙoƙinsa sai ya zaci nama ya ke ci. Ko kusa. Ba ya farauta, ba ya kama gada ko tsuntsu. Ganye, da kara mai laushi, da tsiro, da saiwa, da ɓawon itace, da 'ya'yan itatuwa, su ne abincinsa. Ganye ba shi da maiƙo, sai an ci da yawa kafin ya riƙe ciki. Saboda haka babban namiji ya kan ci kilo ashirin ko fiye a yini guda. Hanjinsa dogo ne, abincin ya kan daɗe a ciki kafin ya narke, shi ya sa kullum a ke ganinsa da ƙaton tumbi.

Na kan dutse bai cika samun 'ya'yan itace ba, domin sanyin wurin ba ya barinsu su yi yawa. Amma ganye ko'ina akwai shi, rani da damina. An ƙidaya tsire-tsire fiye da iri ɗari waɗanda ya ke ci. Da damina, in gora ta tsiro, sai garke ya gangaro inda ta ke, gama ba abin da su ke so kamar ɗanyen tsiron gora. Akwai kuma wani ganye mai ƙaiƙayi wanda su ke ci da dabara. Gwaggon biri ya kan zage ganyen daga jikin kara da hannu ɗaya, ya cire gindinsa, ya naɗe shi yadda ƙaiƙayin zai koma ciki, sa'an nan ya tura a baki. Haka leɓunansa su ke tsira. A kurmin Bwindi an gan su suna gaigayar ruɓaɓɓen itace, da aka bincika sai aka tarar akwai gishiri a cikinsa.

Na kurmin yamma ya fi morewa, gama ƙasarsa tana da 'ya'yan itatuwa iri iri. In lokacinsu ya yi, garke ya kan yi tafiya mai nisa don neman itacen da ya nuna, har maigida da nauyinsa ya kan hau sama ya tsinka. Su kan fasa suri su lashe gara, su kan ci tururuwa kuma. A wasu wurare akwai fadamu a tsakiyar kurmi, inda su ke shiga ruwa har ƙugu, su tumɓuke ciyawar ruwa, su wanke ta su ci.

Wani abin mamaki kuma, gwaggon biri bai cika shan ruwa ba. Ruwan da ke cikin ɗanyen ganye da raɓar safiya sun ishe shi. Har ila yau cinsa yana amfanin kurmi. In ya haɗiye 'ya'yan itace, ƙwallon ya kan fita cikin kashinsa a wani wuri mai nisa, ya tsiro a can da takinsa. Ta haka ya ke shuka itatuwa bai sani ba.

Zaman Iyali

Gwaggon birai garke garke su ke zama. Yawanci garke ya kan ƙunshi kamar goma: maigida ɗaya, da matansa uku ko huɗu, da 'ya'yansu manya da ƙanana. A kan dutse wani garken ya kan kai talatin ko fi, da masu furfurar baya biyu ko uku, amma duk da haka ɗaya ne shugaba.

Maigida shi ke zaɓen inda za a ci, da lokacin tashi, da wurin kwana. In ya miƙe ya nufi wata hanya, kowa sai ya bi. In mata biyu suka kaure da faɗa, sai ya yi gurnani ya harare su, magana ta ƙare. In kuwa damisa ko maharbi ya matso, shi ke tsayawa tsakanin abokin gaba da iyalinsa, ko da zai rasa ransa.

Yininsu kusan iri ɗaya ne kullum. Ba su sammako. Sai rana ta fito su ke tashi, su bazu cikin ganye, kowa ya zauna ya jawo abin da ke kusa da shi. Suna ci suna wani ɗan gurnani a maƙogwaro, wanda da shi kowa ke sanin inda ɗan'uwansa ya ke. In abincin ya yi musu daɗi, har wani sauti su kan yi kamar mai rera waƙa da baki rufe. Da hantsi ya dubi ludayi sai a huta. Manya su kwanta, waɗansu su riƙa tsefe wa juna gashi suna cire ƙaiƙayi da ƙwari. Yara kuwa sai wasa: kokawa, da guje-guje, da lilo a jikin reshe. Su kan hau bayan maigida su zamo, su ja masa gashi, shi kuwa yana kwance bai kula ba. Babba juji ne. Da la'asar sai a koma ci, ana yi ana matsawa gaba kaɗan kaɗan. Na kan dutse sau da yawa ba su cika kilomita ɗaya a yini ba, tun da ya ke abinci na kewaye da su.

In magariba ta gabato, kowane babba sai ya yi wa kansa shimfiɗa. Ya kan zauna wuri guda, ya tanƙwaso rassa da ganyaye ƙarƙashinsa, ya danne su har su yi kamar babban faifai. Aikin bai fi 'yan mintoci ba. Waɗansu a ƙasa su ke yi, waɗansu a kan itace, maigida dai yawanci a ƙasa saboda nauyinsa. Kowane dare sabuwar shimfiɗa a ke yi. Wannan al'ada tana taimakon masu ƙidaya, domin in suka iske makwancin jiya suka ƙirga shimfiɗu, sun san yawan garken ko ba su gan shi ba.

Suna da wayo kuma. A 2005 masana suka ba da labarin wata mace a wata fadama ta Kwango ta Barazabil, wadda ta karyo sanda tana gwada zurfin ruwa da ita kafin ta taka. A 2012 kuma aka ga waɗansu matasa a Ruwanda sun lalata tarkon da maharba suka ɗana, ɗaya ya karya reshen da aka tanƙwara, ɗaya ya kwance igiyar.

Haihuwa Da Reno

Mace ta kan fara haihuwa tana da shekara kamar goma. Cikinta wata takwas da rabi ne, kusan daidai da na mutum, ɗa ɗaya kuma ta ke haifa, tagwaye sai jefi jefi. Jaririn bai fi kilo biyu ba, watau bai kai nauyin jaririn mutum ba, ba ya iya kome sai riƙe gashin uwarsa. Watannin farko a ƙirji ta ke rungume da shi dare da rana. In ya yi ƙwari sai ya koma bayanta, ta goya shi ba zane ba majanyi, shi ke riƙe da gashinta da hannu da ƙafa.

Ya kan sha nono har shekara uku ko fi, a shimfiɗar uwarsa kuma ya ke kwana. A cikin waɗannan shekaru ya ke koyon abin da a ke ci da yadda a ke cinsa, ta wurin kallon manya. In uwa ta mutu ta bar ɗan da aka yaye, sau da yawa maigida ne ke jawo marayan, ya bar shi ya kwana a jikinsa.

In 'ya mace ta girma, ta kan bar gidan ubanta ta koma wani garke. Namiji kuwa ya kan fita ya yi ta yawo shi kaɗai, wani lokaci shekaru, har ya sami matan da za su bi shi ya kafa nasa gida. A daji gwaggon biri ya kan yi shekara 35 zuwa 40.

A nan akwai abin lura. Mace ba ta sake haihuwa sai bayan shekara huɗu ko biyar. Akuya ta kan haihu kowace shekara, sau da yawa biyu biyu, amma gwaggon biri duk rayuwarta 'ya'yanta ba su cika wuce biyar ko shida ba, ba dukansu kuma ke girma ba. Saboda haka in an kashe guda ɗaya, a kan daɗe ba a mayar da gurbinsa ba.

Dukan Ƙirji

Ba abin da aka fi sanin gwaggon biri da shi kamar dukan ƙirji. In maigida ya ga wani namiji baƙo, ko wani abin da bai yarda da shi ba, sai ya fara wani kuka a hankali, yana ƙara sauri. Sa'an nan ya miƙe tsaye, ya fizgi ganye ya watsa sama, ya buga ƙirji da tafin hannu a lanƙwashe. Ƙarar ta kan tashi kamar kiɗan ganga, ana jinta daga nisan kilomita guda. Daga nan sai ya ruga a karkace, yana karya rassa, ya daki ƙasa da hannu.

Duk wannan gargaɗi ne. Masana sun gano cewa gwargwadon girman namiji, gwargwadon kaurin ƙarar ƙirjinsa. Don haka abokin hamayya tun daga nesa ya ke auna ƙarfin mai bugun, in ya ga ba zai iya ba sai ya kauce. Ta haka a ke kashe rigima da yawa ba a zub da jini ba. Amma in baƙon ya ƙi ji, ana yin faɗa na gaske, fiƙoƙin nan kuwa suna yin mugun rauni. Mutumin da maigida ya taso wa, abin da masu gadin daji su ke koya masa shi ne ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, kada ya zura masa ido, kada kuma ya gudu. Yawanci in ya ga haka sai ya tsaya, ya juya ya koma wurin iyalinsa.

Abokan Gabansa

A cikin namun daji, damisa kaɗai ke iya taɓa gwaggon biri, ita ma ba kullum ba. Babban abokin gabansa mutum ne.

Da fari akwai saran kurmi. Mutane suna ƙaruwa, ana sare itatuwa don gona, da katako, da gawayi, ana kuma haƙar ma'adinai. A gabashin Kwango ta Kinshasa ana haƙo wani ma'adini da a ke sawa cikin wayar hannu, mahaƙa kuwa su kan shiga har tsakiyar kurmi su yi sansani, su riƙa harbin namun daji don abinci. Yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi a wannan yanki sun rage na kurmin gabas ƙwarai, har ya zama saura 'yan dubbai.

Na biyu farauta ce. Waɗansu suna harbinsa don nama, waɗansu don su kama jariri su sayar. Garke kuwa ba ya ba da ɗansa da arha, sai an kashe uwa, sau da yawa har da maigida. In maigida ya mutu garke ya kan watse, sabon namijin da matan za su bi kuma ya kan kashe jariran da ba nasa ba. Ashe harsashi ɗaya ya kan ci rai da yawa. Tarkon da a ke ɗana wa gada ma ya kan kama hannun ƙaramin gwaggon biri ya guntule shi.

Na uku cuta ce. Jikinsa ya yi kusa da na mutum ƙwarai, har cutar mutum tana kama shi. Murar da mutum zai yi kwana uku ya warke tana iya kashe shi. Tsakanin 2002 da 2004 cutar Ebola ta kashe wajen 5,000 a wani yanki guda na Kwango ta Barazabil.

Yadda A Ke Kiyaye Shi

Tun a 1925 aka keɓe wani sashe na duwatsun Virunga ya zama gandun da aka hana farauta, shi ne irinsa na farko a Afirka. Duk da haka na kan dutse suka yi ta raguwa, har a 1981 aka ƙidaya kamar 250 kaɗai a Virunga. Dian Fossey ta yi ta fama da masu farautar sata, a 1985 kuma aka kashe ta a ɗakinta na Karisoke, aka binne ta kusa da kaburburan gwaggon biran da ta sani. Masu gadin gandun Virunga fiye da 200 sun rasa rayukansu a bakin aiki.

Wahalarsu ba ta tafi a banza ba. Masu gadi suna bin garkuna kullum suna kwance tarkuna, likitocin dabbobi suna yi wa masu rauni magani a cikin daji. Baƙi daga ƙasashe masu nisa suna biyan kuɗi mai yawa don su gan su, amma da doka: mutum takwas kaɗai ke zuwa wurin garke ɗaya a yini, ba su wuce sa'a guda, mai mura kuwa ba a barinsa ya je. A Ruwanda ana ware wani kashi na kuɗin a gina wa ƙauyukan da ke kewaye makarantu da asibitoci, don manomi ya ga amfanin barin kurmi. Tun daga 2005 kuma a kan yi bikin suna a can, a raɗa wa jariran gwaggon biri suna a gaban taron jama'a. A 2018 aka ba da sanarwa cewa na kan dutse sun haura 1,000. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma da gwamnatoci uku da talakawansu suka haɗa kai, dabbar da aka fid da rai da ita ta soma ƙaruwa.

Nijeriya ma tana da nata rabon wannan aiki. Gwaggon biran Kuros Riba suna zaune a dutsen Afi, da duwatsun Mbe, da wani sashe na babban gandun dajin Kuros Riba wanda aka kafa a 1991, sauran kuma suna hayin iyaka cikin Kamaru. Saboda yawan farautar da aka yi musu a dā, suna gudun mutum ƙwarai, har masu gadinsu ma su kan yi shekaru ba su sa su a ido ba, sai shimfiɗunsu da sawunsu. A duwatsun Mbe ƙauyuka tara ne suka haɗa kai suka hana farauta, suka ba da 'ya'yansu su yi gadi. A 2020 wata na'urar ɗaukar hoto da aka ɗaure a jikin itace a wurin ta ɗauko wani garke yana wucewa, mata da yawa da jarirai a bayansu. Wannan hoto ya nuna cewa in an bar musu kurminsu, aka ɗauke musu bindiga da tarko, sauran aikin su za su yi da kansu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gwaggon biri da bika?
2. Iri nawa ne gwaggon biri, kuma wanne ne a ke samu a Nijeriya?
3. Don me gwaggon biri bai cika shan ruwa ba?
4. Waɗanne ayyuka maigida ke yi wa garkensa?
5. Me ya sa kashe gwaggon biri ɗaya ya kan zama babbar hasara?